Gida Biyu da Ma'aunina Ya Ce Ɗaya Ne

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da Malama Rabi ta hawo ofishin nan namu na Yalwawa da takarda a hannunta ba, kuma ba na jin zan manta har in bar aikin nan. Ku da kuka zo kwanan nan kuna ta gunaguni a bayan idona, wai Auwalu ya cika tsanani, wai layi uku na kod, wato rubutun manhaja, sai ya sa mutum ya sake sau biyar, ina jin ku sarai. Ku matso da kujerunku ku ji inda abin ya samo asali. Ni ma da can irinku ne, kai, na ma fi ku rawar kai.

Shekarata biyu da fara aiki a lokacin. Mu huɗu ne kacal a kamfanin, Malam Habibu yana manaja kamar yadda yake har yau, ni kuma ƙaramin mai rubuta manhaja da ke jin babu kamarsa a faɗin Dutse. Sai wata ƙungiya mai tallafa wa manoma da makiyaya ta ba mu aikin manhajar rajista. Tsarin ba wuya: masu ɗaukar bayanai za su shiga ƙauyuka da rugage da kwamfutar hannu, su cika fom ɗaya ga kowane gida, bayanan su taru a rumbunmu a nan, daga nan ƙungiyar ta san gidajen da za ta kai wa iri da allurar dabbobi kafin ruwa ya sauka. Shugabar shirin, Hajiya Talatu, mace ce da ba ta maimaita magana. Abu ɗaya ta kafa mana tun ranar farko: kada gida ɗaya ya shiga rajista sau biyu. An taɓa yi mata a wani aikin, wasu suka samu inuwa suka miƙe ƙafa, suka yi ta kwafar fom ɗaya suna ɗan taɓa nan da can, suka dawo suka ce sun zagaye gari. Don haka ta sa doka: duk wanda aka kama a sallame shi, a kuma rubuta wa wurin da yake aiki.

Wannan ɓangaren na kama masu kwafi, ni aka ɗora wa.

Wanda ba ya sana'ar zai ce ina abin wahala, ai sai ka ce wa kwamfuta ta duba ko fom biyu iri ɗaya ne. To ba haka abin yake ba. Kwamfuta ta iya kwatanta lamba da lamba, ko kalma da kalma. Amma bayanin gida abu ne cikin abu, kamar kwanukan samira da ake jerawa ƙarami cikin babba. A sama akwai ƙauye, da sunan maigida, da lambar waya. Ka buɗe ka tarar da jerin mutanen gidan, kowane mutum kuma da nasa ɗan kwanon: suna, shekaru, dangantakarsa da maigida. Gefe ga jerin gonaki, ga jerin dabbobi. Can ƙasa kuma akwai gurbin ƙarin bayani, inda mai cika fom zai rubuta duk abin da ya ga ya dace a sani.

Da na fara gwadawa, tambayar kai tsaye na yi wa kwamfutar: wannan da wancan ɗaya ne? Ta ce a'a, alhali ni na kwafi fom ɗin da hannuna, harafi da harafi. Ashe ba ta buɗe kwanon ma sam, dubawa kawai take ko kwano guda na nuna mata sau biyu. Sai na zauna na rubuta mata ƙa'idar da za ta bi, na sa wa abin suna ma'auni. In lamba ce, kwatanta. In jeri ne, bi shi ɗaya bayan ɗaya. In ka tarar da wani kwanon a ciki, buɗe shi ka sake daga farko, har ka kai ƙasa.

Hajiya Talatu ta ba mu tsofaffin fom na wajen Taura, waɗanda ta riga ta san na kwafi ne, ta ce mu gwada a gabanta. Ma'aunina ya bar fiye da rabinsu suka wuce salin-alin. Dalili kuwa, mai kwafi ba wawa ba ne. Wani ya juya jerin yara, na farko ya koma na ƙarshe. Wani ya ƙara wa kowa shekara ɗaya. Wani ya cika gurbin ƙarin bayani da shirme. Hajiya ta cire gilashinta ta dubi Malam Habibu, ba ni ba, ta ce, "Manaja, manhajar nan taku barci take yi."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Na dawo ina huci, na yi abu uku a yini ɗaya. Na sa a jera kowane jeri bisa harafi kafin a auna, yadda juyawa ba za ta yi wa mai kwafi amfani ba. Na cire shekaru daga awo, na ce ai a ƙauye shekaru kintace ne. Na cire ƙarin bayani, na ce wannan surutu ne. Na kira abin tacewa. Aka sake gwaji, ma'auni ya kama su kaf, ko ɗaya bai tsira ba. Malam Habibu ya dafa kafaɗata, ni kuma na yi kwana biyu ina tafiya kamar ni na ƙera kwamfutar.

Aikin gaske ya kankama a tsakiyar bazara. Da bayanai suka taru, ranar wata Talata na fitar da rahoto. Duk cikin masu ɗaukar bayanan, suna ɗaya ne ya fito da ja: Malama Rabi, daga Miga. Fom takwas nata ma'auni ya haɗa bibbiyu, ya ce gida huɗu ne aka rubuta sau biyu-biyu. Ban san ta ba, ban taɓa ganin ta ba. Hajiya Talatu ta kira ni a waya, muryarta wani iri.

"Auwalu, matar nan malamar firamare ce, bayan an tashi daga makaranta take yi mana aikin nan. Ita kaɗai ce mai Fulatanci a cikinsu, ita na tura rugage. Ka tabbata?"

Na ce, "Hajiya, kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, ba ta da abokin gaba. Abin da ta gani ta faɗa."

Kun ji cika baki ko? Ranar Laraba takardar tuhuma ta fita. An dakatar da Malama Rabi daga aikin rajistar, an ba ta zuwa Litinin ta kare kanta, in ba haka ba a rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu cewa an kama ta da cika fom na ƙarya.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji sallama. Dattijuwa ce, za ta haura hamsin, da hijabi ruwan toka, ga gumi yana bin gefen fuskarta. Ta fara zuwa ofishin ƙungiyar, can aka ce mata kwamfuta ce ta faɗa, ita kuwa ta ce a nuna mata gidan kwamfutar. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Aka ba ta kujera, aka ba ta ruwa, ta ajiye shi a ƙasa ba ta sha ba. Sannan ta ɗaga takardar.

"Wane ne a cikinku ya ce na yi ƙarya?"

Malam Habibu ya gyara murya ya ce, "Malama, a yi haƙuri, ba mutum ba ne. Manhaja ce ta fitar."

"Manhajar ita ta rubuta kanta?"

Ba yadda zan yi, na ce ni na rubuta. Ta juyo ta ƙare mini kallo, irin kallon da malamai ke yi wa ɗalibin da ya zo a makare. Na juya mata fuskar kwamfuta, na ajiye fom biyu gefe da gefe. Maigida, Muhammadu Umaru, nan ma Muhammadu Umaru. Mata, Aisha, nan ma Aisha. 'Ya'ya, Fatima da Umaru, nan ma Fatima da Umaru. Ruga ɗaya, lambar waya ɗaya, shanu iri ɗaya, adadi ɗaya. Na harɗe hannu ina jiran ta fara ba da haƙuri.

Ta daɗe tana dubawa, tana bin layukan da yatsa. Can ta ce, "Sunayen dai nawa ne. Amma ba haka na rubuta su ba. Ina shekarun yaran? Ina abin da na rubuta a ƙasa?"

"Waɗannan ba sa cikin abin da ake aunawa, Malama."

"To me kuke aunawa?"

Raina ya ɓaci, don a gaban abokan aiki ne. Na hau zuba mata bayani da manyan kalmomi, ina ɗaga murya, ina buga yatsa a tebur. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta naɗe takardarta ta sa a jaka, ta ce, "Ɗana, na fi shekara ashirin ina kiran suna a aji, ban taɓa yi wa yaron da bai zo ba alamar ya zo. Ranar Asabar ina gida. In kana da ƙafa, ka zo ka auna da idonka." Ta yi sallama ta sauka.

Daga wannan lokacin zama ya gagare ni. In zauna in tashi, in leƙa taga, in dawo. Na sake gudanar da gwaje-gwajen ma'aunin, duk suka ce lafiya lau. Na sake, suka sake cewa lafiya lau. To ina za su ce ba lafiya ba, tunda ni na rubuta su, kuma tataccen bayani nake ba su? Akwai wuri ɗaya da ban buɗe ba, asalin fom ɗin kamar yadda ya fito daga hannunta kafin tacewa. Na san inda yake, dannawa biyu ce. Sau uku ina kai hannu ina janyewa. Gaskiya tsoro nake ji, ba wani abu ba. Abincin rana ma da aka kawo, juya cokali kawai na yi ta yi a ciki.

Sai ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na daure na buɗe. A fom na farko ta rubuta Umaru, shekara bakwai, sannan Fatima, shekara huɗu. A na biyu ta rubuta Fatima, shekara biyar, sannan Umaru, shekara biyu. A ƙasan na farko ta sa, "Gidan Bello ne, yayan Sani. Garkensu ɗaya, ba a raba ba." A ƙasan na biyu, "Gidan Sani ne, ƙanen Bello. Wayar ta mahaifinsu ce." Abu ukun nan da na zubar da hannuna, su ne kaɗai abin da ya raba gidajen biyu.

Na tashi da sauri har kujera ta faɗi, na sami Malam Habibu na nuna masa. Ya karanta, ya shafa gemu, ya ce, "Auwalu, zauna. Juya jerin yara, canza shekaru, rubutu a ƙarin bayani. Ba kai ka tsaya gaban Hajiya ka nuna mata haka masu kwafi suke yi ba?"

Gaskiya ya faɗa. A cikin kwamfuta, gida biyu na gaske masu suna ɗaya da gida ɗaya da aka kwafa da wayo, kamarsu ɗaya. Ko shekara zan yi ina kallon allon nan ba zai faɗa mini wanne ne ba.

Ya rage murya ya ce, "Kuma ka san in muka je muka ce manhajarmu ta yi kuskure, saura mako ɗaya a miƙa aiki, ka san abin da zai biyo baya. Ka bari Litinin ta wuce, sai mu gyara a hankali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Litinin ta wuce ai takardar ta tafi ofishin ilimi."

Ya mayar da kai kan aikinsa. Ba mugun mutum ba ne, kun san shi, nauyin mutum huɗu ne a kansa. Amma ni na kasa haɗiye maganar. Na ce masa gobe zan je Miga, da kuɗin motata. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Asabar tawa ce.

Da sassafe ina tasha. Motar ta ƙi cika, saura mutum biyu, saura mutum ɗaya, ni kuwa kamar in fita in tura ta. Na sauka na hau ya fi sau biyar, har direban ya ce, "Malam, ko haihuwa ake yi maka a can?" Muka bi ta Jahun, rana ta riga ta buɗe kafin mu isa. Malama Rabi tana ƙofar gida a shirye, kamar ta san zan zo. Ba ta ce komai game da ranar Alhamis ba. Ta tambaye ni ya hanya, ta tsayar da babura biyu, muka yanki daji, gonaki duk an share ana jiran ruwa.

Rugar bukkoki ne kamar goma a gefen wata fadama da ta bushe. Tun daga nesa mata suka fara kiran sunanta, ana ta jaɓɓama, wato sannu da zuwa, tana amsawa da Fulatanci, ni kuwa ina biye kamar ɗan rakiya. Aka kai mu wurin tsohon rugar, Malam Umaru, dogo siriri, yana zaune a buzu yana tufka igiya. Duk da nono ya yi ƙaranci a wannan lokacin na shekara, sai da aka kawo mana a ƙwarya. Malama ta yi masa bayani. Ya saurara, ya dube ni, ya aika a kira 'ya'yansa.

Sai ga maza biyu sun taho, ɗaya mai gemu, ɗaya saurayi-saurayi, kowa da sandarsa. Mutum biyu, da ƙafafu huɗu, suna tsaye a gabana suna miƙo mini hannu.

Na ce, "Baffa, duka biyun sunansu Muhammadu?"

Ya ce, "Akwai sunan da ya fi shi ne? Wannan muna ce masa Bello, wannan Sani. Malama ta ce takardarku sunan yanka take so, ban da laƙabi. Muka ba ta na yanka."

Haka ne kuwa. Mu muka rubuta wannan dokar a littafin horaswa, wai don kada a samu ruɗani.

"Matan kuma duka Aisha?"

"Ɗaya Shatu, ɗaya Indo. 'Ya'yan 'yan'uwana ne, sunan kakarsu suka ci."

"Yaran fa, Baffa? Kowane gida Umaru da Fatima?"

Nan ya yi dariya har ya ajiye igiyar. "Yaro, Bello ya haifi namiji ya sa masa sunana, ya haifi mace ya sa sunan uwarsa. Shi Sani sai ya zauna ya zuba ido, a ce yayansa ya fi shi son iyaye?"

Kaina ya ɗau zafi, amma taurin kai bai sake ni ba. Na ce to shanun, nawa ne na Bello, nawa ne na Sani? Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohon. Ya ce, "Ina raye za ka raba mini garke?" Malama ta yi sauri ta ba shi haƙuri da Fulatanci, ta harare ni.

Ban daddara ba. Da muka je bukkar Sani, na ga matarsa Indo da yarinya a gefenta da yaro a goye, na ce bari in tabbatar da bakinta. Na ce, "Baiwar Allah, yaya sunan babbar?" Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya mini baya, sauran matan suka fashe da dariya.

Malama Rabi ta ce, "Kai Auwalu, a ina ka tashi? Ana tambayar uwa sunan 'yar fari? Ko a gidanku mahaifiyarka tana kiran sunan yayanku?"

Ba ta kira, wallahi. Har yau "wannan yaron" take ce masa, ga shi da furfura. Na sani sarai, amma ban taɓa kawo shi kusa da aikina ba.

Ta ce, "Ranar da na zo, sai da na je wurin kakar yaran ta faɗa mini. Shi ya sa kullum nake fara rubuta ɗan fari, in bi da mai bi masa. A gidan Bello namiji ne fari, a gidan Sani mace ce. Duk wanda ya san rugar nan, yana ganin jerin ya san gidan wa ake nufi. Kai kuma ka zo ka jera su bisa harafi, ka maida ƙanwa gaban yayanta."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na nemi izinin tsohon na ɗauki hoton 'ya'yansa biyu, kowa da iyalinsa a ƙofar bukkarsa. Muka wuce ruga ta biyu, can ma labarin bai canza ba, sai dai su 'ya'yan wa da ƙane ne. Sauran biyun ban ma ce a je ba. A hanyar dawowa na ce, "Malama, ki yafe mini." Ta ce, "Bari dai mu ga Litinin."

Ranar Litinin tun kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa. Na nuna wa Malam Habibu hotunan. Ya sha mur, sannan ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je. Amma kai za ka yi magana." Muka sami Hajiya Talatu, takardar ofishin ilimi tana kan teburinta, sa hannu kawai ta rage. Na faɗi komai, ban rage ba: abin da na cire, dalilin da ya sa na cire, da abin da na gani a ruga.

Ta ce, "Na tambaye ka ko ka tabbata."

"Kin tambaye ni, Hajiya."

"Ka ce mini kwamfuta ba ta da abokin gaba."

"Na faɗa."

Ta yayyaga takardar ta zuba a kwandon shara. Ta yi mana faɗan da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi, amma ba ta karɓe aikin ba, ta ƙara mana mako ɗaya. A take ta sa aka buga takardar janye tuhuma da ban haƙuri, ta kira Malama Rabi a waya a gabanmu ta karanta mata. Na sauke ajiyar zuciya, na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Laraba sai ga Malama a ofishin ƙungiyar, ina can ina gyara. Ta fito da kwamfutar hannun daga jaka, a naɗe cikin ɗankwali, da cajarta, ta ajiye a teburin Hajiya, ta ce ta bar aikin. Ashe takardar tuhumar farko makaranta aka kai ta, don adireshin da ta bayar ke nan, kuma kafin ta iso hannunta an riga an karanta a ɗakin malamai. Hajiya ta yi lallashi, ta yi roƙo, ta ce za ta je makarantar da kanta. Malama ta ce, "Na gode, Hajiya. Amma kwamfuta ta ce na yi ƙarya, kuka yarda a yini ɗaya. Ni na ce ban yi ba, sai da aka je aka gani."

Ma'aunin da kuke amfani da shi yau, a wannan makon na sake rubuta shi. Shi ya sa amsarsa uku ce, ba biyu ba: ɗaya ne, daban ne, ko sun yi kama, mutum ya je ya duba. Shi ya sa kuma ba ya taɓa nuna tataccen bayani ba tare da asalinsa a gefe ba, kuma ba ya fitar da sunan kowa da ja. Abin da na koya shi ne, shiga kwano cikin kwano ba shi ne wahalar aikin ba, kowannenku zai rubuta wannan kafin shayinsa ya huce. Wahalar tana wurin da za ka ce wannan ba shi da muhimmanci, a cire. Jerin gonaki ka juya shi yadda ka so, ba abin da ya canza. Jerin 'ya'ya kuwa ka juya shi, ka canza gida. Ba kwamfuta ce za ta faɗa maka wannan ba, sai wanda ya taka wurin, kuma galibi shi ne wanda ba a gayyata zaman tsara manhaja. Don haka in na tambaye ku me ya sa kuka cire wani gurbi daga awo, kada ku ce mini ba shi da amfani. Ku faɗa mini wa kuka tambaya.

Malama Rabi ta yafe mini, da bakinta ta faɗa, kuma na yarda har zuciyarta ne. Da shekara ta zagayo ƙungiyar ta sake neman masu shiga rugage, ni na karɓi lambarta na kira ta da kaina. Na yi mata bayanin duk gyaran da na yi, ɗaya bayan ɗaya, ina ta zuba kamar mai talla. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Madalla, ɗana, na ji daɗi ka gyara naka. Ni nawa ne bai gyaru ba. Yanzu ko rajistar aji zan cika, sai in tsinci kaina ina tunanin wa zai yarda da ni."

Ta ce in gaida mutanen gida, ta kashe wayar.